Ɓarauniyar Ƙofa a Cikin Kwamfuta da Yadda Ake Toshe Ta

A gidan Bahaushe, baƙo ta zaure yake bi, ya yi sallama, a ba shi izini. Haka ma kwamfuta take da zaurenta, wato kalmar sirrin da mai ita yake bugawa kafin ya shiga. To, akwai wata irin muguwar manhaja wadda aikinta shi ne ta fasa katanga ta bayan gida, ta bar kafa a buɗe domin wani da ke nesa ya riƙa shige da fice ba da sanin mai gida ba. Ita ce masana suke kira ɓarauniyar ƙofa.

Abin ya fito fili a 1998, lokacin da wata ƙungiya a Amurka ta saki manhajar Back Orifice, wadda ke ba mutum ikon sarrafa kwamfutar wani daga nesa. Mai irin wannan ƙofa yana iya karanta fayiloli, ya naɗi duk harafin da aka buga, har lambobin asusun banki, ya kuma ɗora wasu miyagun manhajoji.

A garuruwa irin su Batsari da Safana, inda ɗalibai da malamai da yawa suke dogara da shagunan buga takardu, hanyar da ta fi cancanta a sa wa ido ita ce filashi. Filashi guda yakan zaga kwamfutoci da dama a mako ɗaya, daga shago zuwa ofishin makaranta. Manhajar Andromeda, wadda ake kuma kira Gamarue, ta bayyana a 2011, kuma ta wannan hanya wasu nau'o'inta suke yaɗuwa. Takan ɓoye fayilolin da ke cikin filashi, ta ajiye wata alama mai 'yar kibiya a madadinsu. Da zarar an danna alamar, fayilolin sukan bayyana, mai filashi ya yi hamdala, alhali a daidai lokacin ne ƙofar ta buɗe.

A ƙarshen Nuwamba 2017 hukumar FBI da Europol da kamfanin Microsoft suka rusa cibiyoyin da ke ba Andromeda umarni. Sai dai rushe cibiya bai goge manhajar daga kwamfutocin da ta riga ta kama ba. A 2022 wata ƙungiyar leƙen asiri mai suna Turla ta sake yin rajistar wasu tsofaffin adireshin Andromeda, ta bi ta cikinsu ta shiga wata kwamfuta a Yukren da filashi ya harba. Ashe kafar da ɓarawo ɗaya ya fasa, wani ma yana iya bi.

Rashin sabis ma ba magani ba ne. Ko irin katse layukan sadarwa da aka yi a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina a Satumba 2021 ba ya kashe irin wannan manhaja. Lamɓo kawai take yi, tana ci gaba da bin filashi, har ranar da intanet ya dawo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge alamar mai kibiya a ɗauka an gama. Wannan sharar ƙofar gida ce kurum. Abin da ya kamata shi ne a fara raba kwamfutar da intanet, a cire duk filashi. Sannan a bincike ta da manhajar riga-kafi mai sabbin bayanai, kuma ya fi kyau a yi amfani da irin binciken da ke gudana kafin Windows ya tashi, kamar Microsoft Defender Offline, domin muguwar manhaja ta iya ɓuya idan tana aiki. In kwamfutar tana ɗauke da sakamakon jarrabawa ko harkar kuɗi, babu abin da ya kai a kwashe takardu zalla, a goge ta baki ɗaya, a ɗora sahihin Windows, ba na sata ba, wanda sau da yawa yakan zo da tasa ƙofar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairu 2020, saboda haka komawa gare shi ganganci ne.

Bayan haka a sauya dukkan kalmomin sirri, amma daga wata na'ura mai tsabta. Filashin ma a bincike shi, a kwashe takardun ciki, a yi masa fomatin kafin a sake soka shi a kwamfutar da aka gyara.