Ƙarancin Iska da Jijiyoyin Huhu

A kan titin Zariya, wajen Gyadi-Gyadi cikin ƙasar Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ke, wanda aka kafa a 1988. Cikin marasa lafiya da a ke kai wa irin wannan asibiti akwai masu haki da kumburin ƙafa. Jama'a su kan ce ciwon zuciya ne, amma sau da yawa asalin cutar a huhu ya ke. An shirya wannan takarda domin kowa ya fahimci yadda abin ke faruwa.

Jijiya iri biyu

Ga Bahaushe jijiya sunanta jijiya, amma likitoci sun kasa ta biyu. Akwai jijiyar jini, watau hanyar da jini ke bi. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu, domin ya ɗebo oksijin, watau sashen iska da ke raya jiki, wanda ya ke kashi 21 cikin 100 na iskar da a ke shaƙa. Jikin jijiyoyin jinin huhu akwai tsoka, tana iya tsukewa, tana iya sakewa. Abu uku ke sarrafa ta.

Na fari, jijiyoyin saƙo. Wani kashi nasu ya kan ba da umarnin tsukewa, wani kashi kuwa na sakewa.

Na biyu, shafin jijiya. Kamar yadda a ke yi wa babbar riga shafi daga ciki, haka kowace jijiyar jini ke da wani siririn shafi. A 1980 Robert Furchgott, masani a birnin New York na Amurka, ya gwada jijiyar zomo. Ya tarar idan aka kankare shafin, sinadarin da ke sa jijiya ta saki ba ya aiki. A 1987 aka tabbatar shafin na fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid, ita ke sassauta tsokar. Saboda wannan bincike aka ba shi lambar Nobel a 1998 tare da wasu masana biyu. Ma'anarsa ke nan, umarnin sakewa ba ya isa ga tsoka sosai sai shafi na da lafiya. Shafi mai lafiya kuma shi ke rage kaifin umarnin tsukewa.

Na uku, yawan oksijin. A 1946 masana biyu na ƙasar Suwidin, von Euler da Liljestrand, suka gwada kyanwa, suka ga idan oksijin ya ragu jijiyoyin huhu tsukewa su ke yi. Wannan tsukewa ba ta jiran umarnin ƙwaƙwalwa, gama ana ganinta har a huhun da aka dasa wa mutum, wanda an riga an yanke jijiyoyin saƙonsa.

Amfani da ɓarna

Mai lambu ba ya ɓarnar ruwa a fangalin da babu shuka. Toshe shi ya ke yi, ya kora ruwan inda zai yi amfani. Haka huhu ke yi. Idan majina ta toshe wani ɓangare, kamar a ciwon nimoniya, sai jijiyoyin wurin su tsuke, jini ya koma inda iska ke shiga.

Amma idan iska ta yi ƙaranci a huhu duka, sai jijiyoyi duka su tsuke. In abin ya daɗe, shafi ya lalace, naitirik oksaid ya ragu, umarnin tsukewa ya rinjayi na sakewa, tsoka ta yi kauri. Shi a ke kira hawan jinin huhu. Ma'auninsa ga mai lafiya kamar 14 ne, in ya wuce 20 ya zama cuta. Awon jini da a ke yi a dantse ba ya nuna shi. Daga nan ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaji, ruwa ya taru a ƙafa da ciki.

A duwatsun Colorado na Amurka shanu kan kamu da wannan, ƙirjinsu ya kumbura, saboda iskar tudu ba ta ƙosar da huhu. Kano kuwa tudunta bai wuce ƙafa 1,600 ba, saboda haka a nan cuta ce ke kawo shi. Hayaƙin itace a rufaffen madafi, da shan taba, da tarin fuka, su ke lalata huhu a hankali, ƙurar hunturu da hayaƙin motoci kuma su ƙara wa mai ciwo wahala. Sa'an nan akwai sikila. Ƙwayoyin jinin mai sikila na saurin fashewa, abin da ke fita daga cikinsu kuwa ya kan cinye naitirik oksaid, jijiyoyi su kasa sakewa.

Abin da ya kamata a yi

1. A yi girki a fili, ko a ɗaki mai taga. Mai tuyar ƙosai da mai tsire su zauna ta inda iska ke kore hayaƙi.

2. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

3. A yi gwajin jini kafin aure. Tun 2024 doka ta wajabta shi a Jihar Kano.

4. Mai haki idan ya hau bene, ko mai kumburin ƙafa, ko wanda leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Likita na da ɗan abin da a ke maƙala wa yatsa ya nuna oksijin na jini, da na'urar hoton zuciya da ke kimanta hawan jinin huhu.

Tsukewar farko ta kan saki idan iska ta samu. Amma in tsoka ta riga ta yi kauri, gyara na da wuya ƙwarai. Saboda haka lalle ne a kai mara lafiya asibiti tun da wuri.