Me Ya Sa Tsohon Kare Yake Kuka Da Dare?



A gidanmu akwai kare mai suna Goje. Babanmu ya kawo shi don gadin awaki tun ina rarrafe, yanzu shekararsa 12. Da hunturun bara sai ya canza hali. Da rana ba abin da yake yi sai barci, da dare kuwa sai ya yi ta zagaye tsakar gida yana kuka, wani lokaci har asuba. Maƙwabta suka kawo ƙara. Wata ta ce irin wannan kukan alama ce wani zai mutu a unguwa. Wani kuma ya ce ai ya haukace, gara a kashe shi kafin ya ciji yaro. Baba ya ce a bari tukuna likita ya duba shi. Ranar Asabar muka kai shi asibitin dabbobi, ni na riƙe igiyar. Abin da na koyo a can da abin da na gani a gida shi na kawo muku.

Kare ba ya daɗewa kamar mutum. Manyan karnuka sukan fara tsufa tun suna da shekara 7, ƙanana kuma wajen shekara 10. Ke nan Goje dattijo ne, har furfura ta fito masa a baki.

Abubuwan da ke hana tsohon kare barci

Na farko ciwon gaɓoɓi. Idan kare ya tsufa gwiwoyinsa da ƙugunsa sukan yi tsami, sanyi kuma yana ƙara masa ciwon. Goje a kan siminti yake kwana. Idan ya kwanta ciwo, idan ya tashi ciwo, shi ya sa yake ta juyi.

Na biyu ido da kunne. Tsohon kare yakan yi yana a ido, jinsa kuma ya ragu. Da rana hasken rana yana taimakonsa. Idan duhu ya yi, musamman ranar da aka ɗauke wuta, sai ya kasa gane inda yake, tsoro ya kama shi.

Na uku ruɗewar tsufa. Kamar yadda wasu tsofaffi suke mance sunan jikokinsu, haka ƙwaƙwalwar kare takan raunana. Sai ya mai da dare rana, rana dare. Yakan tsaya ya ƙura wa bango ido, ko ya shiga lungu ya rasa yadda zai juyo. Wannan ba ya warkewa, amma ana iya rage masa wahala.

Na huɗu fitsari da ƙishirwa. Ciwon ƙoda ko ciwon suga yana sa kare yawan shan ruwa da yawan fitsari. Idan an ɗaure shi ko an rufe shi, kukan nan yana iya zama roƙo ne a sake shi ya zaga.

Na biyar kaska da ƙuma. Ƙaiƙayinsu kaɗai ya isa ya hana dabba runtsawa.

Hauka ne ko tsufa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin ciwon haukan kare yana kashe mutum. Likita ya nuna mana bambancin. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa, wata da watanni, kuma karen yana cin abincinsa yana shan ruwa. Haukan kare kuwa farat ɗaya yake bayyana. Karen yakan dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, ya ciji duk abin da ya samu, ko ƙafafunsa su shanye. Da wuya ya wuce kwana 10 bai mutu ba. Goje ya fi wata biyu yana kukan dare, kuma duk shekara ana yi masa allurar rigakafi, ga katinsa a hannun Baba. Da maƙwabta suka ga katin sai hankalinsu ya kwanta.

Duk da haka kada yaro ya ce shi zai gane da kansa. Idan ka ga kare ya canza hali kwatsam, ka yi nesa da shi ka gaya wa manya. Idan kuma kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Abin da muka yi a gida

Mun ɗauke shi daga kan siminti. Mun shimfiɗa masa buhuna da tsohon bargo a ƙarƙashin rumfa, inda iska ba ta bugawa, kusa da turken awakin da ya saba da su. Yayana ya rataya 'yar fitila mai caji a wurin don kada duhu ya yi masa yawa. Mun daina matsar da turmi da bahon wanki daga inda suke, saboda da hanci da sabo yake gane hanya. Rijiya kuma kullum a rufe.

Aikina shi ne in hana shi wuni yana barci. Idan na dawo daga makaranta nakan fita da shi bayan la'asar mu ɗan taka a hankali, sannan in wanke hannuna da sabulu. Abincinsa lokaci ɗaya ake ba shi kullum, ruwa kuma ba ya yankewa a kaskonsa. Kafin a rufe gida Baba yakan sake shi ya yi fitsari. Likita ya ba shi maganin ciwon gaɓoɓi da na kaska.

Abin da ba a yi

Kada a doke shi ko a jefe shi. Bai san laifinsa ba, duka tsoro kawai yake ƙara masa, kukan ya ƙaru. Kada a ba shi maganin mutane daga kemis. Ibuprofen yana ɓata cikin kare da ƙodarsa, farasitamol kuma idan ya yi yawa yana lalata hanta. Kada a taɓa shi yana barci ba zato, domin wanda ba ya ji sosai yana iya firgita ya kai cizo. Ni nakan buga ƙafa a ƙasa tukuna, ya ji motsi ya ɗago kai.

Goje bai koma kamar da ba. Har yanzu yakan farka sau ɗaya ko sau biyu, amma idan ya ga fitila ya ji muryar Baba sai ya koma ya kwanta. Unguwa ta samu barci, kuma ba wanda ya mutu saboda kukansa.

A Islamiyya an ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya yi shekara 12 yana kwana a waje don ɓarawo kada ya taɓa dabbobinmu, bai kamata a kore shi ba ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Idan akwai irinsa a gidanku ko a unguwarku, ku nuna wa manya wannan bayani, a kai shi asibitin dabbobi.

Daga ɗalibin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.