'Yar ragar ƙarfen da ke buɗe wa jini hanya

Mu da muka taso a yankin Gwarzo da Kabo mun san halin noman rani: idan laka ta cike magudanar ruwa, shukar da ke ƙarshen gona ce ke fara yaushi. Haka jijiyoyin jininmu suke. Kitse kan taru a cikinsu shekara da shekaru har su tsuke.

Jijiyoyi biyu manya da ke gefen wuya su ke kai yawancin jini ƙwaƙwalwa. Idan ɗaya ta tsuke, ɓarɓashin kitse ko gudan jini na iya ɓallewa ya toshe hanya a sama, sai shanyewar ɓarin jiki. Idan kuwa ta ƙoda ce, ƙodar kan ɗauka jini ya yi ƙaranci, sai ta saki sinadarin da ke hauhawar da shi. Hawan jinin nan yakan ƙi jin magani.

A nan 'yar ragar ƙarfe, wato sitent, ke da rana. Likita yakan huda jijiya a gindin cinya, ya zura siririn bututu yana kallonsa a allon hoto har wurin da ya tsuke. Sai ya hura 'yar balan-balan, ya bar ragar ta tokare jijiyar. A aikin wuya akan sa wata 'yar rariya a gaba don ta tare ɓarɓashi. A Faransa aka fara sa wa mutum irin wannan raga a jijiyar zuciya, a 1986.

Amma ba kowa take yi wa rana ba. Wani babban bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa yawancin masu tsukewar jijiyar ƙoda saboda kitse, magani kaɗai ya yi musu abin da raga ta yi. Raga hanya take buɗewa, ba ta hana kitse sake taruwa.

To mene ne namu? Mu guji sigari da shisha, mu rage gishiri, mu raka iyayenmu awon jini. Idan muka ga bakin wani ya karkace, hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe, ko da abin ya wuce cikin mintuna, kada mu ce iska ce. A garzaya Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, daga nan a iya tura shi Asibitin Malam Aminu Kano.