Me Ya Sa Motar da Aka Cire wa Rufi Ta Fi Mai Rufi Nauyi?

Idan ka taɓa zagaya gonakin rani na Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai, ka san ƙarar ɗan injin ban-ruwan nan mai shan fetur da ake girkewa a bakin ruwa. Yawancinsu ƙarfin doki 5 da rabi ne zuwa 6 da rabi. To ka riƙe wannan lissafin a ranka, domin motar da za mu yi magana a kanta, Ferrari 812 GTS da kamfanin Italiya ya fitar a 2019, injinta mai silinda 12 yana ba da ƙarfin doki kusan 800. Wato kamar ka jera injunan ban-ruwa fiye da 120 ka haɗa ƙarfinsu wuri guda, don kawai su ja mutum biyu. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa 3, kuma tana iya wuce kilomita 340. Rufinta kuwa da maɓalli yake naɗewa ya shige baya cikin daƙiƙa 14.

Sai dai abin da ya fi ba injiniyoyi ciwon kai a motar nan ba injin ba ne. Rufin ne. Hankali zai ba ka cewa idan an cire wa mota rufi sai ta rage nauyi, ko ba haka ba? Amma 812 GTS ta fi 'yar'uwarta mai rufin dindindin, 812 Superfast, nauyi da kimanin kilo 75. Buhun shinkafa ɗaya da rabi kenan, irin mai kilo 50.

Ga gwajin da za ka iya yi a gida. Nemi kwalin taliya ko na sabulu wanda babu komai a ciki, ka rufe bakinsa ka manne da salatif. Kama gefe da gefe ka yi ƙoƙarin murɗa shi kamar mai matse wanki. Zai yi maka gardama. Yanzu yanke saman gaba ɗaya ka sake murɗawa. Nan take za ka ji ya saki, yana lanƙwashewa yadda kake so. Kwalin bai canza ba, kaurinsa na nan, fuska ɗaya kawai ka cire. Abin da ke faruwa shi ne, a rufaffen akwati kowane ɓangare yana riƙe da maƙwabcinsa, ƙarfin murɗar yana zagayawa ya rabu a kan dukkan fuskoki. Da zarar ka buɗe fuska ɗaya, zagayen ya yanke.

Motar zamani ma akwati ce. Ba kamar tsohuwar akori-kura ba ce da ake ɗora jiki a kan dogayen ƙarafa biyu. Jikin motar kansa shi ne ƙashinta, kuma rufin da ginshiƙansa suna ɗauke da babban rabo na aikin. Duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami ko ta hau tudu, sauran ukun suna ƙasa, ana murɗa motar ne kamar kwalin nan. In ƙashin ya yi laushi, direba zai ji sitiyari na karkarwa, madubi na rawa, ƙofofi na ƙara. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana wajen tayoyi: an auna safirin da shokozoba ne bisa tunanin cewa abin da suke maƙale a jikinsa ba ya motsi. Idan jikin da kansa ya koma safirin, taya ba za ta zauna daram a kan kwalta ba, kuma a kwana, cikin gudun 200, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka tuna, duk ƙarfin dokin nan 800 yana isa ƙasa ne ta wurin da tayoyin baya biyu suka taɓa kwalta, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ko biyu ba.

Don haka sai injiniyoyi su mayar da ƙarfin da rufi ya tafi da shi zuwa ƙasa. Su ƙara wa dokin ƙofa kauri, su gitta ƙarafa a ƙarƙashin mota, su gina bango mai ƙarfi a bayan kujeru, su ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba. Ga kuma na'urorin da ke naɗe rufin, su ma da nasu nauyin. Nan buhu ɗaya da rabin ya shiga.

Kamfanin McLaren na Ingila ya bi wata hanya, wadda ni a ganina ta fi wayo. Suna gina tsakiyar motarsu kamar kwarya ko baho guda, da zaren kabon da aka daskarar da wani irin danƙo. Bahon nan tun asali ba ya dogara da rufi, shi ya sa da suka fitar da 720S Spider a ƙarshen 2018 ba su buƙaci ƙara masa ƙarafa ba. Nauyin da ta ƙara kilo 49 ne, kusan duka na kayan naɗe rufi. Tsadar zaren kabon ce ta hana a ga wannan dabara a motocin gama-gari.

Sai batun kifewa. Motar da ba ta da rufi in ta wuntsula, me zai kare kan mutum? A 1965 Porsche ta nuna samfurin Targa mai lanƙwasasshen ƙarfe a bayan kujeru, saboda fargabar Amurka za ta hana shigo da buɗaɗɗun motoci. A 1989 Mercedes ta sa wa motarta ta SL ƙarfen da ke kwance a ɓoye, wanda ke zabura ya miƙe cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa idan na'ura ta ji motar za ta kife. Amma fa duk wannan yana aiki ne idan mutum ya ɗaura bel. In ba haka ba, ƙarfen zai miƙe lafiya lau, mai motar kuwa yana can an cillar da shi.

Iska ma tana da nata hukuncin. Fitar da hannunka ta tagar mota a gudun 50, sannan a gudun 100. Turin da za ka ji ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kuma ƙarfin injin da ake buƙata don keta iskar ninki takwas ne. Rufi yana sa iska ta sulale sumul daga gilashin gaba zuwa baya. In babu shi, sai ta yi tsalle ta kan gilashin, ta yi guguwa a bayan kujeru, ta dawo ta doki ƙeya. Abin da ya sa kenan gashi ko ɗankwali ke tashi ya yi gaba maimakon baya. Bugatti Veyron Grand Sport tana kai kilomita 407 a sa'a da rufinta, amma idan an cire shi, 360 aka ƙayyade mata. Rufin wucin gadi da aka ba ta saboda ruwan sama, mai kama da laima, da shi ba a wuce 130.

Yanzu kawo motar nan titin Kano zuwa Zariya a lokacin kakar tumatir. A gudun 200, kowace daƙiƙa tana cin mita 56. Kafin idonka ya ga abu, ƙafarka ta bar totur ta taka birki, daƙiƙa guda ta tafi. Birkin irin waɗannan motoci yana tsayar da su daga gudun 100 cikin mita 30 da 'yan kai, amma daga 200 tafiyar ta ninka huɗu, ta kai wajen mita 130. Haɗa da 56 ɗin farko, ka kusa filin ƙwallo biyu, kuma wannan a busasshiyar kwalta ce mai tsabta. A wajen Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodin kwanduna, masu babur na gittawa, ga yashi da ruɓaɓɓen tumatir a gefen titi, tayoyin ba za su samu kamun da aka yi lissafi da shi ba. Na'urar hana taya kullewa za ta taimaka ka iya juya sitiyari, amma ba ta ƙirƙiro kamu inda babu shi.

Ko a hankali kake tafiya, da sauran rigima. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai fi santimita 10 zuwa 12 ba, don a hana iska shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta. Wasu suna da maɓallin ɗaga hanci da 'yan santimita, amma tudun rage gudu irin wanda ake ginawa a ƙauyukan hanyar Bunkure zuwa Rano zai iya kankare mata ciki duk da haka, hanyoyin gona na gefen magudanai kuwa kada ma a fara. Zafin watan Afrilu yana sa iska ta yi shara-shara, injin ya samu ƙarancin iskar ƙona mai, lagireto ya sha wuya. Da hunturu kuma ƙura ce za ta cika matatar iska, ta shiga gaɓoɓin rufin da robobin da ke hana ruwa shiga, sannan guguwar nan ta bayan kujeru ta kwaso ragowar ta juye maka a ƙeya da kunnuwa.