Daga Takarda Mai Wata Uku Zuwa Tambarin Hotuna a Intanet

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake sa wa hoto tambari domin a san mai shi, mu kuma nuna cewa al'amarin ba baƙo ba ne ga mutanen Kano.

Lokacin da Heinrich Barth ya sauka a unguwar Dala cikin 1851, ya tarar fatake suna shigo da takarda mai yawa daga arewa, wadda ke ɗauke da siffar jinjirin wata guda uku. A Italiya ake yin ta, a masana'antu irin ta gidan Galvani da ke Pordenone. Masu aikin sukan ɗinka siffar da waya a kan rariyar da suke tace kwaɓin takarda, sai wurin ya yi shara-shara. Ba a ganin tambarin sai an ɗaga takardar ga haske. Da shi manazarta ke ƙiyasta shekarun littattafan malamanmu, tun da rubutu ba ya girme wa takardarsa.

A yau hoto yakan yaɗu a intanet har a manta da asalinsa. Tambarin da ake kare shi da shi iri biyu ne. Na farko shi ne na bayyane, wato suna ko alama da ake ɗorawa a kan hoton. Yana tsawatar da ɓarawo, amma ana iya yanke shi ko a goge. Na biyu shi ne na ɓoye. Kowane ɗigo na hoto lamba ce a wurin kwamfuta. Sai a ɗan sauya lambobin yadda ido ba zai lura ba, amma manhaja za ta karanta. Irinsa ne SynthID, wanda kamfanin Google ya fitar cikin 2023. Rauninsa shi ne yawan rage girman hoto da sake adana shi na iya dusashe shi.

Saboda haka muna ba masu ajiyar rubuce-rubuce, a gidajen malamai da Gidan Makama, shawara uku. Su sa tambarin bayyane a gefe, kada ya rufe nassi. Su haɗa da na ɓoye, su kuma adana hoton asali a matsayin hujja. Daga ƙarshe, su riƙa ɗaukar shafi da haske a bayansa, domin idan ba haka ba, wata ukun ba zai fito a hoto ba, shaidar shekarun littafin kuwa ta salwanta ga mai nazari daga nesa.