Daga Farfesun Ƙafar Sa Zuwa Kek Ɗin Sallah: Kimiyyar Jelatin a Zafin Katsina

Duk uwargidan da ta taɓa barin farfesun ƙafar sa ya kwana a tukunya lokacin hunturu ta san abin da za ta tarar da safe. Romon ya daskare, yana rawa in an girgiza tukunyar, amma da ya ji wuta sai ya koma ruwa. Abin da ya daskarar da romon nan shi ne masana kimiyya ke kira jelatin, kuma da shi ake yin wani irin kek mai launi da ya dace da bikin Sallah. Kek ne da ake hudawa bayan an gasa, a zuba masa ruwa mai launi ya bi ramukan ya daskare, ta yadda in an yanka za a ga ja ko ruwan ɗorawa ya ratsa farin cikinsa. A ƙasar Amurka ya yi tashe cikin shekarun 1970, ta hanyar tallan garin jelatin na Jell-O, wanda Pearle Wait ya fara haɗawa a garin LeRoy na jihar New York a 1897.

Yin sa ba wuya. Sai dai an tsara shi ne don ƙasar sanyi da firjin da ba ya rasa wuta. A birnin Katsina kuwa, inda Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 10 ga Afrilu a 2024, da 30 ga Maris a 2025, wato tsakiyar bazara, mai yin sa na iya asarar fulawa da ƙwai da bota in bai san halin jelatin ba.

Mene ne jelatin?

Fata da jijiya da guringuntsi da ƙashin dabba cike suke da wani furotin mai suna kolajin, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin da ke jikin ɗan Adam da dabbobi masu shayarwa. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka uku: zare uku ne suka murɗe da juna, shi ya sa ganda take da tauri kafin ta dahu. Idan aka daɗe ana dafa ta, zafi yana warware tufkar, zarurrukan su watsu cikin ruwa. Waɗannan warwararrun zarurruka su ne jelatin. Da ruwan ya fara hucewa sai su riƙa sake murɗewa nan da can, su zama kamar komar masunta, ruwa ya maƙale a cikin idanunta. Abin mamaki shi ne kaɗan ya isa: gram 7 na garin jelatin yana daskarar da rabin lita na ruwa.

Matsaloli uku

Ta farko ita ce zafi. Ɗaurin da ke riƙe da komar nan ba shi da ƙarfi, yana saki a wajen digiri 35 na ma'aunin Salshiyos, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda yake digiri 37. Wannan ne ya sa jelatin yake narkewa a baki. To amma a watan Afrilu zafin rana a Katsina yakan kai digiri 40. Ke nan kek ɗin da aka ajiye a faifai, jama'a suka tafi kallon hawa a Ƙofar Soro, kafin su dawo launin ya narke ya jiƙe gindinsa.

Ta biyu ta shafi zoɓo, wanda shi ne launin ja mafi sauƙin samu. An saba haɗa zoɓo da abarba da ɗanyar citta. Abarba tana ɗauke da sinadarin buromelin, gwanda tana da fafayin, ita ma ɗanyar citta tana da makamancinsu. Duka ukun inzayim ne masu datse furotin, kamar almakashi. Aikinsu ne ake gani idan aka naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi. Tun da jelatin furotin ne, sai su daddatse zarurrukansa har su kasa haɗa koma, ruwan ya ƙi daskarewa ko da ya kwana a firji. Maganin wannan shi ne tafasawa, domin zafi yana kashe ƙarfin inzayim. Abarbar da aka dafa tare da zoɓon ba ta da illa; wadda aka matse ɗanya aka zuba bayan an sauke, ita ce ke ɓata aiki.

Ta uku ita ce asalin jelatin ɗin. Kaso mafi girma na wanda ake sarrafawa a masana'antun duniya daga fatar alade yake fitowa, sai na fata da ƙashin shanu, sai ɗan kaɗan daga kifi. Ido ba ya bambance su, hanci ma haka. Malaman addini sun yi saɓani a kan ko sarrafawar tana sauya hukuncinsa, amma hanyar kauce wa shubuha a fili take: a karanta jikin kwalin, a nemi wanda aka bayyana cewa na shanu ne na halal ko na kifi, a kuma duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna.

Shawarar wata uwargida

Matsalar narkewa ba yau ta fara damun mutane ba. A 1881 shahararren likitan nan na Jamus, Robert Koch, yana amfani da jelatin wajen renon ƙwayoyin bakteriya don ya rarrabe su. Sai ya gamu da cikas biyu: jelatin yana narkewa a digiri 37, zafin da ƙwayoyin cutar ɗan Adam suka fi so, sannan wasu ƙwayoyin suna cinye shi ya koma ruwa. Mafita ta fito ne daga madafa. Fanny Hesse, matar Walther Hesse wanda ya yi aiki tare da Koch, ita ta ba da shawarar a gwada agar, wani abin daskararwa da take amfani da shi a girkinta, wanda ba ya narkewa da zafin bazara. Har yau da agar ake renon ƙwayoyin cuta a ɗakunan gwaji na asibitoci da jami'o'i.

Ana samun agar daga jan gansakukan teku. Ba furotin ba ne, dangin sitaci ne, saboda haka inzayim ɗin abarba da citta ba sa taɓa shi, kuma babu dabba a cikinsa balle a yi zancen yanka. Yana daskarewa da ya huce zuwa wajen digiri 40, ba ya kuma narkewa sai ya kai wajen digiri 85. Ke nan ba ya bukatar firji kafin ya kama. A jikin kayan abinci ana nuna shi da lamba E406. A kula, na girki ake nema, ba na ɗakin gwaji ba.

Yadda ake haɗawa

A buga bota gram 200 da sukari kofi 1 har su yi fari, a fasa ƙwai 4 ɗaya bayan ɗaya ana bugawa, sannan a zuba fulawa kofi 2 da bekin foda ƙaramin cokali 2 da madara rabin kofi. A gasa a digiri 180 na kimanin minti 35. Wadda ba ta da obin sai ta zuba rairayi a babbar tukunya, ta ɗora gwangwanin a kai, ta rufe, ta sa garwashi sama da ƙasa. Idan ya huce, a bar shi cikin gwangwaninsa, a huda shi da tsinken tsire mai kauri, tazarar yatsa biyu tsakanin rami da rami, kada a kai ƙasa.

Idan da jelatin za a yi, a jiƙa gram 7 a cikin ruwan sanyi cokali 3 na minti biyar, a narkar da shi a cikin kofi ɗaya da rabi na tataccen zoɓo mai zafi da aka sa wa sukari, a zuba a ramukan, a sa a firji awa 3 zuwa 4. Idan kuwa agar ne, a tafasa ƙaramin cokali 1 a rabin kofin ruwa na minti uku, a sauke, a haɗa da kofi ɗaya na zoɓo mai ɗumi, a zuba nan take kafin ya kama. Ba a daɗe ana tafasa agar cikin abu mai tsami, domin tsami da zafi suna rage ƙarfinsa. Mai son launi biyu sai ya raba ramukan, rabi zoɓo, rabi ruwan lemun zaƙi.

Jan zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, wanda ke sauya launi gwargwadon tsamin abin da yake ciki. Ɗigon lemun tsami yana ƙara masa haske, kanwa kuwa tana mayar da shi shuɗi-shuɗi mai duhu. Don haka kada kanwa ko soda mai yawa ta shiga kwaɓin. Launin gida ya fi na kwalba kwanciyar hankali: wani bincike da Jami'ar Southampton ta Ingila ta wallafa a 2007 ya danganta wasu launukan roba guda shida, ciki har da tatirazin mai ruwan ɗorawa, da ƙaruwar ƙiriniyar yara, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su.

Rashin narkewa ba lafiya ba ne

Kek ɗin da agar ya riƙe yana iya wuni kyakkyawa a ido alhali ya fara lalacewa. Danshi da sukari da madara da ƙwai abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma a digiri 37 wasu daga cikinsu suna ninka yawansu duk minti 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki. Alkaki da dublan da cincin suna kwanaki ne saboda suya ta ƙone ruwansu. Wannan kek kuwa ruwa aka ƙara masa da gangan. Inda wuta ba ta da tabbas, a gasa kek ɗin ranar jajibere, a zuba masa launi da safiyar Sallah, a yanka a raba wa baƙi da maƙwabta kafin azahar.