Gonar fumfuna a cikin faranti

Fumfuna ba ta jiran gayyata. A bar burodi kwana uku a leda lokacin damina, za ta fito da kanta. Amma ranar da likita yake son sanin wace iri ce ke cin gashin kan yaro, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya noma ta da gangan, kuma noman yana da wuya, domin bakteriya sun fi ta saurin yaɗuwa. Kafin ta tsiro sun cinye farantin.

Wani likitan fata na Faransa, Raymond Sabouraud, ya warware matsalar a 1892 yana binciken makero. Haɗinsa, da ɗan gyara, shi ake amfani da shi har yau: giram 40 na sukarin gulukos, giram 10 na narkakken furotin da ake kira fefton, da giram 15 na aga, a cikin lita ɗaya ta ruwa. Dabarar tana wajen tsami. Ana tsayar da ma'aunin pH a 5.6, inda fumfuna ke sakewa, yawancin bakteriya kuwa su takura. A dafa shi a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15, a zuba a faranti ya daskare.

Aga ɗin daga ciyawar teku ake samun sa, kuma shigowarsa ɗakin gwaji aikin mace ne. Fanny Hesse, wadda mijinta ya yi aiki da Robert Koch a Jamus, ita ta ba da shawararsa a farkon shekarun 1880, don ta san shi a girki. Sai zafi ya kai wajen digiri 85 yake narkewa, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya cin sa.

Tsami kaɗai ba ya isa idan samfurin daga fata ko farce aka kankaro shi. Sai a ƙara kuloramfenikol ya kashe bakteriya, a ƙara saikuloheksimaid ya danne fumfunar da iska ke kwasowa. Na biyun yana da kaifi biyu, yakan hana wasu masu haddasa cuta ma fitowa, shi ya sa ƙwararren ma'aikaci ke shuka faranti biyu, mai magani da marar magani. Mai kawo ƙyasbi kuwa ɗan gata ne, ba ya tsiro sai an zuba masa man zaitun. Masu binciken amfanin gona sun fi son ruwan dafaffen dankalin Turawa da sukari, a kansa Aspergillus flavus, mai zuba guba a gyaɗa da masara, ke fitowa kore-kore mai ratsin rawaya.

Daga nan sai jira. Ana ajiye faranti a digiri 25 zuwa 30, kuma mai kawo makero yakan yi mako biyu, wani har huɗu, kafin ya bayyana. Ana duba launin samansa, a kifa farantin a duba na ƙasa, sannan a ɗauki ɗan kaɗan a sa a madubin likita.

A nan ne mu iyaye muke ɓata aikin. Kafin a kai yaro asibiti an riga an shafe masa kai da man kemis mai haɗe-haɗe, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi cutar tana nan. Irin wannan samfurin sau da yawa ba ya tsirar da komai, a zaci lafiya lau. Makeron kai kuma a cikin gashi yake, man shafawa ba ya kai masa, sai maganin sha na makonni.

Don haka in an ga gashin yaro yana zubewa a zagaye, kada a shafa komai kafin a kankari samfur. A raba masa mataji da hula, a sayi reza tasa shi kaɗai, kuma in an ce a dawo bayan mako uku, a dawo.